Takardar da Na Cike Masa da Hannuna

A shekarata ta huɗu da fara koyarwa aka ɗora mini aikin ba yara shawara kan abin da za su karanta in sun gama kwalej, wato ƙaramar sakandare. Ba wanda ya koya mini aikin. Mai riƙe da shi ne aka yi wa canjin wuri zuwa Damagaram, sai direkta ya dube mu a biro, wato ofishinsa, ya ce ni ne malamin lissafi, kuma ni ne ban kawo iyali garin ba, don haka ina da lokaci. Ya miƙo mini wani kwali da aka ɗaure da tsumman atamfa. A cikinsa akwai takardun da ƴan ajin ƙarshe suke cikewa kafin birbe, jarrabawar fita kwalej. Kowace takarda layi uku gare ta. A na farko yaro zai rubuta inda ya fi so a tura shi in ya ci, a na biyu wanda ke bi masa, a na uku abin da zai iya haƙura da shi. Can ƙasa akwai wurin ra'ayin malami da wurin sa hannun uba.

Kwalej ɗinmu tana wani garin karkara ne tsakanin Dungas da Yekuwa. Aji biyu ne na siminti. Sauran rumfunan karan gero ne, ba a kafa su sai an gama girbi, kuma ruwan farko ke kwashe su, don haka shekarar karatunmu a yanke take gaba da baya. A ajin farko yara sukan cika har wasu su zauna a kan buhu. Kafin a kai ajin ƙarshe, rumfa ɗaya ma ba ta cika.

Ba a gane ranar da yaro yake barin lakwal, wato makaranta. Yau bai zo ba saboda kasuwa, gobe saboda cirar gyaɗa, sai mako ya wuce, sai ka ji ɗan garinsu ya ce ai ya bi kawunsa ci-rani Kano. Sannu a hankali aikina ya koma bin sawu. In na tashi daga aji sai in hau moto, wato babur, in shiga ƙauyuka, in zauna a kan tabarma, in sha ruwa, in yi wa iyaye bayani. Ina da jawabina da na haddace: likita, injiniya, alƙali, yaron da zai dawo ya riƙe gida. Kuma na yarda da abin da nake faɗa. Ni ɗan manomi ne daga Kwaya, ni ne na farko a gidanmu da ya riƙe alƙalamin boko. Ko da yake malamin kwantiragi ne ni, albashina yana zuwa lokacin da ya ga dama, na ɗauka wannan abu ne na ɗan lokaci.

A cikin ƴan ajin ƙarshe na wannan shekarar akwai wani yaro daga wata ƴar ruga kusa da Yekuwa. Kullum a ƙasa yake zuwa, tafiyar fiye da awa guda. Dogo ne, ba shi da surutu, tafin hannunsa kamar na babban mutum, domin ubansa mahaƙin rijiya ne kuma tun yana ƙarami yake jan igiya da shi. A lissafi da kimiyya ba mai kama ƙafarsa. A Faransanci kuwa da ƙyar yake haɗa jimla biyu, in ka sa shi karatu a gaban aji sai gumi ya keto masa.

Da bazara famfon lakwal ya lalace. Irin na tuƙa-tuƙa ne, shi kaɗai muke da shi. Aka aika Magariya a kira mai gyara, ya ce yana tafe, mako biyu ba labari. Ƴan mata suka koma ɗebo ruwa daga rijiyar bakin gari, rabin safiya na tafiya a hanya. Wata ranar Laraba bayan an tashi, yaron ya tsaya a bakin biro yana murza hannu. Mushe yara ke kiran malami a nan.

"Mushe, in an yarda, ina so in duba famfon."

Direkta ya ce, "In ka ƙarasa shi fa?"

"Ai a ƙarashe yake, Mushe."

Aka bar shi. Ya aro sifana wajen mai gyaran moto, ya kira abokansa biyu, suka zaro bututun ɗaya bayan ɗaya suka jera a kan yashi. Na tsaya a inuwa ina kallo. Ya ciro wata roba da ta cinye, ya juya ta a hannu, ya tafi ya dawo da guntun tsohuwar taya da wuƙa. Ya zauna ya fere ta, yana gwadawa yana ragewa. Kafin la'asar ruwa ya zubo. Yara suka yi ta tsalle, shi kuwa ya wanke hannu ya ɗauki kayensa ya kama hanyar gida.

Daga nan masu lambu a fadama suka fara tare shi da injin ban-ruwa, mata suna aiko masa da fitilu masu cajin rana. Ni ma ya sha taɓa mini moto.

Da lokacin cike takardun ya zo, na raba musu na ce kowa ya yi tunani ya dawo da ita. Da na zauna ina dubawa sai na iske tasa. A layi na farko ya rubuta santir, makarantar koyon sana'a ta Magariya, sashen famfo da wutar rana. A layi na biyu ya sake rubuta abu ɗaya. Na uku ya bar shi fayau. Na aika aka kira shi.

"Me ka rubuta nan?"

"Santir, Mushe."

"Ka san su wa ake turawa santir? Waɗanda karatu ya gagara. Kai kuwa kai ne na ɗaya a lissafi."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Mushe, Faransanci yana ba ni wuya. In ana dogon bayani sai in ɓace. Amma in na riƙe ƙarfe ina gane abin da ke damunsa."

"Famfon da ka gyara, wani ne ya zauna ya zana shi. Me zai sa ka tsaya a gyara, alhali kana iya zama mai zanawa? Ka je lise, babbar sakandare, shekara uku, ka ci jarrabawar bak, ka shiga jami'a. Faransanci kuwa da zama cikin masu yinsa yake zuwa. Ni ma haka na fara."

"To, Mushe."

"To ɗin me? Ka yarda?"

"Yadda ka ce."

Ya kamata in ji abin da ke cikin wannan amsar. Ban ji ba, ko kuma na ji na kau da kai. Gaskiya ne direkta yana so a ce kwalej ɗinmu ta tura yaro sashen kimiyya a lise, domin an daɗe ba a yi ba, kuma ya faɗa mini haka. Amma zan yi ƙarya in na ɗora masa. Ni nake so. Ina so in nuna wa iyayen ƙauyukan nan yaro ɗaya in ce ga abin da nake gaya muku. Na zaro sabuwar takarda, na cike ta da hannuna, lise a layin farko, lise a na biyu, santir a na uku don kada a ce ban saurare shi ba. Na ba shi na ce ya kai wa babansa.

Uban bai aiko da ita ba, da kansa ya zo ranar kasuwa a kan amalanken jaki. Dattijo ne gajere, kafaɗunsa sun ranƙwafa saboda zaman rami. Ya cire takalmi a bakin biro duk da na ce ya bari. Muka gaisa, ya zaro takardar daga aljihu a ninke huɗu.

"Mushe, yaron ya ce kai ka rubuta wannan."

"Ni na rubuta, Baba."

"Ya ce ba ita ya fara rubutawa ba."

Na yi masa bayani, wancan jawabin nawa, har na ƙara gishiri. Ya saurara bai katse ni ba.

"Shekara nawa ke nan?"

"Uku a Magariya. Sannan jami'a, kamar huɗu ko biyar."

"Sannan aiki?"

"Sannan aiki, in Allah ya yarda."

Ya ɗan dube ni, ya dubi rufin biro inda kwano ya ɓule. Na ɗauka zai yi wata magana, amma sai ya ce, "Na so a ce bana ya fara sauka rami a maimakona, gwiwoyin sun gaji. Amma kai ka san wannan hanya, ni rami na sani. In ka ce nan ne alheri, shi ke nan." Bai iya sa hannu ba. Na shafa masa tawadar alƙalamin bik a babban yatsa ya dangwala.

Yaron ya ci birbe, aka tura shi lise. Na yi murna kamar ɗana ne. Ni na kai shi Magariya a bayan moto da ƙullin kayansa da ɗan buhun gero, na nemo masa masauki a zauren wani ɗan uwan mahaifiyarsa mai sayar da hatsi. Su huɗu ne a zauren. Da safe zai ɗebo wa gidan ruwa kafin ya tafi aji, wannan kuwa ba wani abu ba ne a wurinsa.

In an yi hutu yakan biyo ta wurina da takardar sakamakonsa. Lissafi lafiya lau. Kimiyya ba laifi. Amma yanzu komai da dogon Faransanci ake yinsa, tarihi, labarin ƙasa, har tambayar lissafin ma sai ka karanta rabin shafi kafin ka iske lambobi. Ya tsallake shekarar farko da ƙyar. Ta biyu ya maimaita. Kowane zuwa sai na ga ya ƙara shiru. Ina ba shi tsofaffin littattafaina, ina ce masa ya daure, saura kaɗan. Sau ɗaya ya ce mini, "Mushe, a aji in malami ya yi tambaya, nakan san amsar da Hausa. Kafin in juya ta an wuce." Na yi dariya na dafa kafaɗarsa. Yau in na tuna wannan dariyar sai in ji ba daɗi.

Ya zauna bak ya faɗi. Ya maimaita ajin, ya sake zama, ya sake faɗuwa, wannan karon da ɗan kaɗan. Shekara biyar ke nan da na kai shi. A cikin shekarun nan ƙanensa ya karɓi igiyar babansu, ya zama shi ake kira in rijiya ta rufta. Famfuna masu aiki da hasken rana suka cika lambunan fadama daga Dungas har Sassumbrum, kuma masu gyaransu yaran santir ne. Ɗaya daga cikinsu ɗan ajinsu ne, ɗaya daga cikin biyun da suka riƙe masa bututu ranar gyaran famfo. Shi wannan ni na tura shi santir ba tare da na yi dogon tunani ba, domin makinsa bai kai na lise ba. Yanzu yana da ɗan shagonsa a Magariya, da moto, da mata.

Bayan sakamako na biyu da kamar wata guda, ina zaune gindin itacen bedi a farfajiyar lakwal da hantsi, sai ga shi. Ya zama cikakken saurayi, har da ɗan gemu. Ya gaishe ni ya zauna a ƙasa, na ce ya hau benci ya ƙi.

"Mushe, santir ɗin nan, har yanzu ana ɗauka?"

Na ce mu je mu gani. Washegari muka hau moto. Jami'in da muka iske mutumin kirki ne, ya ba mu kujeru, ya karɓi takardar haihuwa ya duba, ya ƙirga da yatsu. Ya ce shekarunsa sun wuce na waɗanda ake ɗauka a ajin farko, ba shi ya kafa dokar ba kuma ba ya iya karya ta. Ya ce wani lokaci akan buɗe gajeren horo na manya in an samu masu tallafawa, ya rubuta sunansa a wani kaye, littafin rubutu, ya ce in an buɗe za a neme shi. Na ga shafin, sunaye sun cika shi har gefe.

A hanyar komowa moton ya mutu mana cikin yashi. Na sauka ina buga shi ba ya tashi. Ya ce in ba shi wuri. Ya durƙusa, ya cire wani abu ya busa, ya goge da bakin rigarsa ya mayar, bugu ɗaya ya tashi. Muka tsaya a inuwar wani gawo muna shan iska. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na ce, "Takardar nan, da na bar ka da abin da ka rubuta..."

Bai bari na ƙarasa ba. "A'a, Mushe. Kai alheri ka nufe ni da shi. Kaina ne bai ɗauka ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na gane a wurin cewa ba shekara biyar kaɗai na ci masa ba. Yaron da ya tsaya gaban direkta ya ce a ba shi famfo, yanzu ya yarda cewa shi daƙiƙi ne, kuma ba abin da zan faɗa da zai cire masa wannan.

Ya koma ƙauye ya yi damina ɗaya. Na ji samari suna kiransa injiniya in ya wuce da hauya, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Rijiya kuwa ta zama ta ƙanensa, ba wuri biyu a rami. Na je na sami abokin nasa mai shago na roƙe shi, ya ce ai ko ban roƙa ba, ya zo. Ya je. Amma a shagon akwai yara ƴan shekara sha uku da suka riga shi, sun san sunan kowace waya da kowane allon rana, shi kuwa injin fetur da famfon hannu ya sani. Abokin ya gaya mini daga baya cewa cikin mako uku ya kamo su har ya fara wuce su. Sai wata rana wani mai lambu ya shigo, ya gan shi durƙushe yana kwance inji, ya ce, "Kai ba ɗan mai rijiya ba ne da aka ce yana lise? Ashe nan ka ƙare." Yaron ya gama aikin da ke hannunsa, ya jera ƙarafan, ya ce zai je gida ya dawo. Bai dawo ba.

Bayan girbi na ji ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas tare da wasu samari, za su wurin haƙar zinariya can arewa. Bai yi mini sallama ba. Ya kira gida sau biyu ta wayar wani maƙwabci, ya ce ya isa lafiya, ya ba da lambar da za a same shi. Daga nan shiru.

Sai uban ya fara zuwa wurina. Duk ranar kasuwa, in ya sauke abin da ya kawo, zai ɗaure jakinsa a bakin lakwal ya jira in fito daga aji. An rubuta masa lambar a guntun kwalin sukari, yana ajiye shi cikin hularsa. Zai miƙo mini da hannu biyu in buga. Kullum muryar mace ce take amsawa da Faransanci.

"Me ta ce, Mushe?"

"Ta ce wayar a kashe take, Baba."

"To. Wataƙila wurin caji ne babu."

"Wataƙila."

Akwai masu waya a garinsu, ba sai ya zo wurina ba. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba. Na haddace lambar tun a wata na farko, amma kullum sai na karɓi kwalin na duba, domin na ga yana son haka.

A wannan shekarar autar dattijon tana aji na biyu a wurinmu, yarinya mai kaifin kai, ita Faransancin ma ba ya ba ta wuya. Bayan hutun tsakiyar shekara ba ta dawo ba. Ƙawayenta suka ce tana gida tana taya uwarta matsar man gyaɗa. Na yi kwana uku ina ja da baya, sannan na hau moto na tafi, tunda aikina ne. Na iske dattijon a ƙofar gida yana tufka igiya. Aka shimfiɗa mini tabarma, yarinyar da kanta ta kawo mini ruwa ta durƙusa ta gaishe ni ta koma ciki da sauri.

"Baba, na zo ne kan maganar yarinyar nan. Tana da ƙoƙari ƙwarai. In aka bar ta..."

Na tsaya, domin na ji jawabina na dā yana tahowa, kalma bayan kalma, kuma na kasa fitar da shi a gaban wannan mutum. Ya ci gaba da tufkarsa. Can ya ce, ba tare da fushi ba, "Mushe, na ba ka ɗaya."

Na zauna na ɗan lokaci ina kallon igiyar. Na ce uwar fa, me ta ce? Ya ce uwar ce ta fara cewa a bar ta gida, domin tun tafiyar yaron uwar ta daina barci sosai. Na ce ko za a bar ta ta ƙarasa shekarar kawai. Ya ce zai yi shawara. Muka yi sallama, ya rako ni har wurin moto, ya yi mini godiya da na tako. Yarinyar ba ta dawo ba. Nakan gan ta wani lokaci a kasuwa da kwalaben mai a gabanta, in ta hango ni sai ta juya tana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

Har yanzu ni ke riƙe da aikin shawarar, kuma har yanzu malamin kwantiragi ne ni. Na daina cike wa kowa takarda. Ina tambayar yaro abin da yake so, in rubuta ra'ayina a inda aka tanada, in bar layukansa yadda ya sa su. Amma ba zan ce hakan ya gyara wani abu ba. Waɗanda suka zaɓi santir ba duka ake samun wurinsu ba. Waɗanda suka tafi lise, da yawa masauki ke koro su kafin shekara ta ƙare. Waɗanda suka kai har jami'a, ina ganin wasunsu a Magariya zaune a majalisar shayi da takardunsu a gida. Mafi yawa kuwa ba sa ma kai wa ajin da ake raba takardar. In uba ya tambaye ni yanzu, sannan aiki? sai in ce ban sani ba. Wasu iyayen sun fi ganin girmana da wannan amsar, amma ba ta sa su bar yaran a lakwal.

Wajen shekara biyu da tafiyar yaron arewa, na shiga Magariya karɓar wasu takardu, sai abokin nasa mai shago ya hango ni ya yafuto ni. Ya ja ni bayan shagon inda ba kowa.

"Mushe, an gan shi."

Na ce, "Da rai?"

"Da rai. Wani direba ɗan unguwarmu ne ya gan shi a wani gari can gaba da Arlit. Ba ya wurin zinariyar, ya ce bai samu komai ba. Yana dakon kaya a tasha. Direban ya ce ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa."

"Ya karɓo lambarsa?"

Ya girgiza kai. "Ya ce ba shi da waya. Direban ya ce ya zo ya kawo shi gida kyauta, ya ƙi. Ya ce ba zai dawo hannu sake ba. Kuma ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa ya gan shi." Sannan ya ce, "Ni na kasa zuwa wurin tsohon. Kai yake zuwa wurinka."

Kwana huɗu ne tsakanin ranar da ranar kasuwa. Na yi ta tunanin abin da zan faɗa da abin da zan rage. Da dattijon ya zo, ya ɗaure jaki, ya cire hula zai zaro kwalin, na ce ya bari, mu zauna. Muka zauna gindin bedi. Na gaya masa an ga ɗansa, yana da rai, yana da lafiya, yana aiki a tasha. Ya rufe ido ya yi hamdala a hankali, ya shafa fuska. Ya tambayi sunan garin, na faɗa, ya maimaita sau biyu don ya riƙe wa uwar. Ya tambaya ko da nisa, na ce da nisa.

"Ya ce yaushe zai zo?"

"Bai faɗa ba, Baba."

"Ya ce a gaishe mu?"

Na so in ce e. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai taɓa kama ni. Amma na riga na taɓa gaya wa wannan mutum abin da nake so ya zama gaskiya, ya dangwala yatsa a kai. Na yi shiru, shirun ya yi tsawo, har ya gane.

"Ba komai," in ji shi. "Tunda yana da rai."

Ya ɗan zauna, ya tambaye ni iyali, domin a lokacin na kawo su garin. Ya ce gero bana bai yi kai sosai ba a wajensu. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kwance jakinsa. Ranar kasuwa ta gaba bai shigo lakwal ba, haka ta bayanta. Ina hango shi wani lokaci a layin masu igiya da guga, ya ƙara ranƙwafawa. In idonmu ya haɗu sai ya ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga masa, kowa ya wuce.